Aljanin da Ya Ƙona Hular Alhaji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya yi daɗin tsira ga Annabinmu da alayensa.

Takarda ta fito daga hannun Alhaji Mamudu mai goro, ɗan Malam Garba Basakkwace, babba a gidanmu na haya a unguwar Nima, wanda in ya yi gyaran murya a bakin ƙofa har kajin maƙwabta suke shiga taitayinsu. Zuwa ga 'yarsa Rabi, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, amaryar Yakubu, a saman bene can garin Tema na bakin teku.

Gaisuwa mai tarin yawa, da so, da yarda. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da mutanen gidanku. Allah ya sa kin shiga a sa'a. Allah ya tsare ki daga sharrin baki da sharrin ido, da wuta mai harshe, da kuma wadda ba ta da harshe, don a kanta zan yi magana.

Amma ba'du. Ba zan cika ki da labarin gida ba. Kowa lafiya. Mma, mahaifiyarki, tana ta share hawaye tana cewa albasa ce.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wata magana ce ta zo kunnena. An ce ranar da za a kai ki, kin ja Mma gefe kin rantse ba za ki taɓa risho na lantarki ba, tunda kin ga aljaninsa da idonki. An ce kin san mai benen ya hana hura gawayi a sama, amma kin yi dabara: kin cusa kurfoti, murhun gawayin nan na ƙarfe, cikin kayan aurenki, ranar girkin amarya za ki rufe ƙofa da taga ruf, ki hura abinki ba wanda ya ga hayaƙi. Kada ki tambayi wanda ya gaya mini. Yaro ne mai kaifin kunne, Allah ya yi masa albarka.

Uwata, wannan dabarar taki kabari take haƙawa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana da wani numfashi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, daga nan sai masu wanka. Ga dangin miji sun wanke kwanuka suna jiran girkinki na farko. Ban kai ki Tema don a dawo mini da ke a makara ba. Saboda haka yau zan gaya miki gaskiyar rishon nan namu da ke naɗe cikin buhu a ƙarƙashin gadona. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna ranar da Kawunki Isiyaka, mai aiki a jirgin ruwa, ya sauko daga mota da kwali a ka. Aka buɗe, sai ga abu fari tas, da baƙaƙen faranti biyu na ƙarfe a samansa, da kunnuwa biyu na murɗawa a gabansa. Duk gidan ya fito kallo. Kawunki ya ce, "Yaya, bari in nuna muku yadda ake yi da shi."

Na ce, "Isiyaka, ni da na shiga jirgin sama na je Makka na dawo, murhu ne zai gagare ni?"

Ya juya abinsa. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran.

Fuloginsa na can ƙasar Turawa ne, ya ƙi shiga soket ɗinmu. Na zaro wuƙar goro na datse shi, na feƙe wayoyin, na cusa su cikin ramin bango, na tokare da tsinken ashana. Na murɗa kunne, na tsuguna ina jiran harshen wuta. Shiru. Ba hayaƙi, ba ja, ba ƙara. Na ce, "Abin Isiyaka ya mutu tun a teku," na ɗora tafin hannuna a kan farantin don in nuna wa jama'a.

Uwata, na faɗi wata kalma da ba ta cikin littattafan da na karanta. Na yi kwanaki ina cin tuwo da cokali kamar ɗan boko. A masallaci in an miƙo hannu sai in dunƙule nawa in kai ƙirji, har aka fara cewa Alhaji ya ƙara tawali'u.

To ki sani, kurfoti abokin kirki ne, in yana da zafi zai nuna miki garwashi. Wannan kuwa fuskarsa ɗaya ce, da zafi da sanyi. Ko kin kashe shi, sai ki yi salla ki idar da lazimi yana nan da zafinsa. Kada ki gwada shi da hannu. In kin sauke tukunya, ki ɗora butar ruwa a wurin, ta zama shaida ga duk mai shigowa. In kuma tsautsayi ya sa kin ƙone, ki sa wurin cikin ruwa mai sanyi ki daɗe. Ni manja aka shafa mini da ɗanyen ƙwai, kamar za a soya ni, kuma ba abin da ya ƙara mini sai azaba.

Wayoyin nan da tsinken ashana kuwa, a rami ɗaya suke da dutsen guga da rediyona. Rannan fis ya tsinke, kuma kin san mita ɗaya ce ta duk gidan, sai kowane ɗaki ya mutu. Kafin a gane daga ina ne, na lallaɓa na ɗaure fis ɗin da wata waya mai kauri da na kwance daga kejin kaji. Wuta ta dawo, na sha yabo. Ba a jima ba bango ya ɗau zafi, ɗaki ya cika da warin roba. Ƙaninki Sani ne, yaron da ban taɓa sanin darajarsa ba, ya sheƙa da gudu ya kira Masta Tete mai gyaran wuta na bakin titi.

Masta Tete ya dubi tsinken ashana, ya dubi wayar kejin kaji, ya ce, "Ei, Alhaji! Wa ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Yara."

Ya dubi wuƙar goro a kan tebur. Ya ce, "To a gaya wa yaron, fis mai gadi ne. Shi yake mutuwa don gida ya rayu. Yaron ya kama mai gadi ya ɗaure."

Ya sa fulogi mai ƙafa uku, ya ja wa rishon soket nasa shi kaɗai, ya mayar da fis na gaskiya. Riƙe maganar fis ɗin nan a hannunki, za mu dawo kanta. Ke dai a ɗakinki, kada ki haɗa shi rami ɗaya da dutsen guga. In kin taɓa waya kin ji ɗumi, ko kin ji warin roba, ko kin ga bakin soket ya yi baƙi, ki kashe, ki zare, ki sa a kira mai aikin. In Yakubu ya ce ai shi ma ya iya, ki tambaye shi cikin ladabi ko a ina ya koya. In ya ce ai ya taɓa shiga jirgi, ki ɓoye wuƙa.

Sai maganar tuwo. Na sa aka sauke rishon ƙasa, na ce Mma ta ɗora babbar tukunyar ƙarfe mai zagayayyen gindi, ta saƙala ƙarafan nan da ake takawa da ƙafa don riƙe tukunya, ta tuƙa. Ta ce, "Alhaji, gindin tukunyar nan ba na wannan wuri ba ne." Na ce, "Tuƙa dai." Muciya ɗaya ta ja, tukunya ta yi tafiyarta. Allah ya so ta ɗage ƙafa. Ranar garin rogo da sukari muka sha, ina cewa dama shi nake marmari. Talgen da ya bushe a kan farantin kuma na bi shi da wuƙa ina kankara, har yau tabon yana nan.

Ki nemi tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi, wadda ta rufe farantin daidai, busasshiya ta waje. Tuwon mutane da yawa ki raba shi biyu, ba a tsere. Rishon ya zauna a tebur da ba ya rawa, nesa da labule, ke kuma ki soke bakin mayafinki kafin ki sunkuya. In koko ya tafaso ya zuba, kada ki bar shi ya kwana: ki zare fulogi, ki jira ya huce sarai, ki matse tsumma har ya daina ɗiga, ki goge, ki bi da busasshe. Iskar Tema gishiri ce, tana cin ƙarfe, to lokaci-lokaci ki ɗan shafa wa farantin ɗigon man gyaɗa don tsatsa. Kada ki taɓa kai shi bakin famfo ki yi masa wanka irin na kurfoti.

Yanzu gyara zama. Mun zo kan aljani.

Ranar Juma'a ce, cikin damina, ruwa ya ƙi ɗaukewa. Hulata ta Makka, farar nan mai zaren gwal da ba na sa ta sai Juma'a da Idi, an wanke ta ta ƙi bushewa. Mma ta tafi cefane kasuwar Malam Atta. Ke kina bayan ɗaki kina wanki. Na leƙa dama, na leƙa hagu. Na ce a raina, abin da yake tafasa ruwa ai busar da hula ba zai gagare shi ba. Na murɗa kunnensa har ƙarshe, na jira. Wannan karon ban taɓa ba, na yi hankali, daga sama na kara hannu. Sanyi ƙalau. Na danna makunnin ƙwan ɗaki, shiru. Ashe an ɗauke wuta. Na yi tsaki, na kife hular a kan farantin, na sa tsohuwar jar dara, na ce wa Sani ya ɗauko darduma mu tafi. Kunnen rishon kuwa na bar shi yadda na murɗa shi.

Liman yana cikin huɗuba aka kawo wuta.

Sauran ke kika gani. Hayaƙi ta taga, hula tana ci bal-bal a kan murhun da ba wanda ya kunna. Kika ƙwalla ihu, kika suri bokitin wanki, kika watsa. Aka ji tau! Tartsatsi shuɗi ya tashi, wutar gidan duk ta ɗauke. Bayan ikon Allah, abu biyu ne suka tsaya miki. Mai gadin nan, fis ɗin da Masta Tete ya mayar, ya mutu nan take, ya yanke wutar. Sannan daga bakin ƙofa kika watsa, ƙafarki cikin silifa, ba ki taka ruwan ba. Da wayar kejin kajina ce a wurin, da Yakubu wata ya aura.

Muka dawo muka tarar da taro. Kina zaune a tsakiyarsu. Iya Talatu, tsohuwar ɗakin ƙarshe, ta riƙe kafaɗarki tana cewa, "Rabi, ke kika kunna?"

Kika ce, "Wallahi Iya, tun safe ban shiga ɗakin ba."

"To hular fa, wa ya ɗora?"

Mma ta ce, "A ƙusa na bar ta rataye."

Iya Talatu ta tafa hannu. "Na faɗa muku! Abin da ya ƙetaro teku cikin kwali, yana dafuwa ba hayaƙi ba toka, ai da mai shi a ciki. Ya kunna kansa. Kuma duk kayan ɗakin nan bai ga abin ɗauka ba sai hular Makka. Wannan kafirin aljani ne!"

Kowa ya juyo yana kallona, tunda ni ne babba. Na shafa gemu, na dubi sama, na ce, "Allahu a'alamu."

Uwata, duk cikin kurakuraina wannan ya fi muni. Tafin hannu ya warke, tuwo an sake tuƙa wani, amma tsoron da na bari a zuciyarki har Tema kika tafi da shi. Aka naɗe risho a buhu, Iya ta yi masa tofi, aka tura ƙarƙashin gado. Tun ranar in kina shara sai ki kewaye gadon, ko dutsen guga sai kin kira wani ya kunna miki.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya. Ina juyawa muka haɗa ido da Sani, darduma a hammatarsa. Bai ce uffan ba, yaro mai tarbiyya. Kin sha tambaya, "Baba, me Sani ya yi da kowace Juma'a tsoka mafi girma a kwanonsa take sauka?" To ga amsarki. Ba don ƙoƙarinsa a allo ba ne.

Abin da nake so ki haddace kamar Fatiha shi ne wannan. Kurfoti in kin bar shi, mutuwa yake yi. Wannan in an ɗauke wuta ba mutuwa ya yi ba, barci yake da ido ɗaya a buɗe. Da kin ji yaran bene sun yi ihun an ɗauke wuta, kada ki tsaya tsine wa masu lantarki. Ki fara mayar da kunnensa sifiri, ki zare fulogi, sannan ki yi tsinuwarki a tsanake. Kada ki ɗora masa hula, ko ɗankwali, ko roba, ko da kin rantse a kashe yake. Kada ki bar mai a kansa ki fita gulma. In mai ya kama da wuta, ki kashe risho, ki kife murfi a kan tukunyar, ki bar ta rufe. Ruwa da muka saba yayyafa wa garwashi, a nan shi ne abokin gaba. In kin yi alwala, ki goge hannu tas, ki sa silifa, kafin ki je kusa da shi. In kuma, Allah ya kiyaye, kin ga wuta ta riƙe wani, kada ki kamo shi da hannu: ki kashe babban makunni, ko ki ture shi da busasshiyar muciya.

Kuma ki kwantar da hankalinki. Yaron nan mai albarka ya zare rishon a ɓoye ya kai wa Masta Tete, don abin da ya sha ruwa irin haka ba a kunna shi sai mai aikin ya duba. Masta ya buɗe cikinsa, ya sauya waya, ya gwada, yaron ya mayar da shi cikin buhunsa. Bai sami aljani ba, sai gawar kyankyaso ɗaya.

Saboda haka ina umartarki, a matsayina na mahaifinki, duk ranar da kika yi miyar gyaɗa da naman akuya, ki cika kwano mai murfi ki aiko wa wannan bawan Allah Sani, domin ni kaina da gemuna ban kai shi hanka

Yaya Rabi, kin ga inda alƙalami ya ja dogon layi, tawada ta ɗiga? Nan ne aka kama kunnena.

Na san tun daga maganar cokali kin gane. Ina kwance rub-da-ciki bayan huhunan goro bayan la'asar, ina rubutu ina dariya ni kaɗai, ashe Baba yana tsaye a kaina, kuma kin san ya fi ni saurin karanta ajami. Ya karɓe takardar, ya sa tabarau, ya zauna. Ni kuwa ina kallon ƙofa ina auna tsakanina da ita. Ya karanta tun daga bisimilla. Da ya zo kan kafirin aljani na ga gemunsa yana rawa, ban san ko fushi ba ne ko dariya. Sai ya koma farko, ya ɗora yatsa a wuri ɗaya.

Ya ce, "Da gaske ta ce za ta rufe taga ta hura gawayi?"

Na ce, "Da kunnena na ji, Baba."

Sai na ji tausayinsa. Can ya ce, "Je ka ɗauko rishon."

Yaya, da kin ga abin da idona ya gani! Aka ɗora risho a tebur bakin ƙofa. Baba ya aika aka kira Mma da Iya Talatu, sauran 'yan gida kuwa ba sai an kira su ba. Ya miƙe tsaye, ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ce, "Jama'a, aljanin da ya ƙona hular nan, ga shi tsaye a gabanku da gemunsa."

Iya Talatu ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Alhaji, to duk tofin da na yi ta yi fa?"

Ya ce, "Ya kama ni, Iya. Shi ya sa kika ga ina faɗa."

Mma ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Ni dama na sani. Ko aljani ya isa ya taɓa hular nan in ba kai ba?"

Baba ya goge hannu, ya sa silifa, ya ɗora butar shayi da kansa. Ta tafasa tana busa kamar jirgin Kawu. Ya mayar da kunne sifiri, ya zare fulogi, ya bar buta a kai, ya dube ni ta ƙasan tabarau kamar ɗalibi yana jiran a ce ya yi daidai. Na ɗaga masa kai. Ni, Sani, na ɗaga wa Alhaji kai! Iya Talatu da farko ta ƙi karɓar shayin, daga baya ta shanye ta miƙo kofi, tana cewa ko ma wane ne a ciki, ya iya shayi.

Sannan Baba ya miƙo mini takardar. Ya ce, "Ƙarasa. Amma ka sa sunanka, ni ban yabe ka haka ba. Duk abin da ka rubuta na risho gaskiya ne, ta bi shi. Ka ƙara mata kalma ɗaya daga bakina: ta yafe mini tsoron da na bar ta da shi."

Wannan layin kaɗai ne nasa, Yaya, kuma ban sa masa gishiri ba.

Da na juya zan tafi ya ce, "Sani." Na ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Maganar tsokar Juma'a, kasuwar ta tashi."

To kin gani. Na kori aljani daga gidanmu, na sa Alhaji ya faɗi gaskiya a gaban kaji da mutane, amma na sayar da namana saboda ke. Kawu Isiyaka zai kawo miki takardar nan tare da rishon, kuma Baba ya ce kada ya baro Tema sai kurfotin nan yana hannunsa. Ranar girki ki ɗaura ɗankwali, ki murɗa kunnen abinki, ki dafa wa dangin Yakubu abin da za su lashe yatsa. Ina nan tafe da kwanona, kuma babba na zaɓa.

Allah ya sa albarka a tukunyarki. Allah ya raba ki da gobara, da ƙuna, da miji mai wuƙar goro. Allah ya sa hayaƙin da zai tashi a ɗakinki na turare ne kawai. Amin, summa amin.

Haza wassalam, daga wanda ya rubuta da hannunsa: ba Alhaji ba, bai je Makka ba, ba shi da goro ko ƙwaya, gemunsa bai ko tsiro ba.

Ƙaninki, Sani.